Baƙin Allon Malam

Ni ban san baƙi ko ɗaya na boko ba. Wannan da kuke karantawa jikata Fadila ce ke rubutawa, ni kuma ina zaune a kujerar kakanta ina faɗa mata. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana, in kuka ya zo mini ta jira ni. Abin da ya sa na zaunar da ita, rannan na ji ta da ƙawayenta a ƙofar shago suna cewa aikin kwamfuta ai ba aiki ba ne, tunda ga kakarta ma da ba ta taɓa shiga aji ba tana yi. Danna hoto ne kawai, in ji su. To ku matso ku ji yadda aka yi na kai ga danna hoton.

Shagonmu yana ƙofar gidanmu a Tudun Wada, a kan hanyar da ɗalibai ke bi in sun fito daga Kongo, reshen jami'ar nan. Maigidana, Allah ya jiƙansa, da tafireta ya buɗe shi, shi ya sa har ya bar duniya Malam Tafireta ake ce masa. Shi ke buga wa ɗalibai furojet ɗinsu na gama karatu, ni kuma daga cikin gida nake ɗinke musu shi ya zama littafi. Da yara suka tasa, aiki kuma ya yi yawa, sai ya sa mini benci a bayan shagon.

Ɗinkin littafi shi ne aikina na fari, kuma har gobe ba na jin akwai wanda ya fi ni a layin nan. Za ki tattara takardun ki buga gindinsu a tebur har su daidaita, ki matse su tsakanin katako biyu, ki huda da basilla, ki bi da zare mai kauri, sannan ki shafa gam a ƙeya ki jira ya sha iska kafin ki ɗora kwali. Mai gaggawa littafinsa baki yake buɗewa kamar takalmin da ya gaji. Ɗalibai kan yi mamakin yadda ba na juya shafi kai ƙasa alhali ba na karatu. Ba wani asiri ba ne. Gefen da aka bar wa fili mai faɗi nan ne wurin ɗinki, ɗan tabon lamba kuma a ƙasa yake. Da ido nake aiki tun farko, shi kuma Malam da baƙaƙe.

Ranar da aka kawo kwamfuta ta farko, mutanen layi har leƙe suke ta taga. Ta hannu ce, fara da ta koma ruwan ƙasa, da ƙeya kamar tulu. Aka kunna, na zura ido ina jiran in ga wani abu irin na talabijin. Ba komai sai baƙin allo, da wani ɗan farin tsinke a kusurwa yana ƙiftawa. Malam ya ja kujera ya buga wasu baƙaƙe, ta zubo masa da rubutu. Ya sake bugawa, ta sake amsawa. Na ce, “Malam, ina ake dannawa ta yi aikin?”

Ya ce, “Asabe, wannan ba a nuna mata da hannu, gaya mata ake yi. Kuma ba ta san ‘ai kin gane’ ba. In kika rage baƙi ɗaya, sai ta ce ba ta san zancen ba.”

Daga ranar na fara jin haushinta. Fankar da muke sha mu biyu, kanta aka juya wa, wai ba ta son zafi. Da aka tashi rufe shago ya rasa abin da zai lulluɓe ta da shi, ya shiga ɗaki ya ɗauko atamfar da ya saya mini ta sallah, ko ɗinki ban kai ba. Na ce, “Malam, zanena ne fa.” Ya ce aro ne. Zanen nan a kanta ya tsufa.

Amma zane da fanka ba su ne suka ci mini rai ba. Shekara da shekaru in yana buga tafireta ina ganin aikin da idona, ƙarfe ya tashi ya mari takarda, baƙi ya fito. Ko ban karanta ba na san abin da ke faruwa, har nakan ce masa ribon tawadar ya bushe tun kafin ya lura. Yanzu kuwa sai ya zama hira ake yi a gabana da yaren da ba na ji, daga safe har la'asar.

Ana nan sai Nkechi ta zo. Mahaifinta shi ke sayar mana da takarda da tawada a bakin titi. A Tudun Wada aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta jakin kasuwa, ba abin da ba ta iya faɗa. Ta gama sakandare tana zaune, uban ya roƙi Malam ya koya mata aiki. Yarinya ce mai ladabi, kullum sai ta durƙusa ta gaishe ni, Mama take ce mini, tuwona take ci. Ke Fadila, daina murmushi, ba irin kishin da kike zato ba ne. Da 'yar cikina ce ma haka zan ji. Abin da ya hana ni barci shi ne, cikin ɗan lokaci yarinyar nan ta shiga hirar da ni aka bari a waje.

Sai in ga sun haɗa kai a gaban baƙin allo, ya buga wani abu, allon ya amsa, su biyu su kwashe da dariya. Ina baya da basilla a hannu in ce, “Me ta ce?”

Nkechi ta juyo tana share hawayen dariya. “Ba komai Mama, Baba ne ya manta bai bar tazara ba.”

To mene ne abin dariya a tazara? Har yau ban sani ba. Sai in yi 'yar dariya ni ma don kada a ce, in koma in huda takarda da ƙarfin da ya wuce kima.

Na taɓa cewa ya koya mini. Ya ce sai na fara da a, ba, ca. Ya sayo mini littafin 'yan aji ɗaya, muka zauna sau nawa ne, ba su da yawa. Malam yana da haƙuri da na'ura, yana da haƙuri da 'ya'yan mutane, amma in ya tambaye ni baƙi na kasa, sai ya ja tsaki ya ce, “Jiya fa na gaya miki.” Ni kuma ga girki, ga ɗinki ya taru, ga zuciya. Na cusa littafin a ƙarƙashin katifa, shi bai tambaya ba, ni ban ciro ba.

Sauyi ya zo ne da kwamfuta ta biyu. Wannan da aka kunna ta, sai ga allo mai launi, an jera ƙananan hotuna a kai: jaka ruwan ɗorawa, kwandon shara, takarda, firinta. Ga wani abu mai wutsiya a gefe, mu ɓera muke ce masa, in ka tura shi a tebur sai 'yar kibiya ta yi tafiya a allon. Malam ya kalle ta a wulaƙance. Ya ce, “An mai da ita cinikin kurame, kowa ya zo ya yi nuni da yatsa.” Ni kuwa sai na matso kusa. Nuni ai shi na iya.

Na dai zuba ido a hannun Nkechi kamar yadda na koyi kitso, ba wanda ya zaunar da ni. Wata Juma'a Malam ya tafi masallaci, Nkechi ta je cin abinci gidansu, sai ga wata malama daga Kongo a gigice. Takardarta tana buɗe a allon, an gama bugawa, fitarwa kawai ya rage, kuma ana jiranta a ofis. Ta ce, “Mama, don Allah ba wanda zai danna mini?” Na goge gam a zanena na kama ɓeran nan. Kibiya ta gudu ta ɓuya a kusurwa, na lallaɓo ta kamar ana kora kaza akurki har na ɗora ta a kan hoton firinta. Na danna. Firinta ta yi tari, ta ja takarda. Wallahi sai da na ja da baya.

Da Malam ya dawo ban bari ya ajiye darduma ba na ba shi labari. Na zaci zai yi dariya ya kira Nkechi ta ji. Sai ya tsaya ya dube ni, ya dubi allon, ya ce, “To, madalla.” Ya wuce ya sauko da tsohuwar tafiretarsa daga saman kabad, wadda ba mai neman aikinta kuma, ya zauna yana ɗiga mata mai har aka kira la'asar. A lokacin na ɗauka gajiya ce.

Amma bai hana ni ba, hakkinsa ne in faɗa. Shi ya jera mini hotunan yadda zan gane. Na sama ta hagu na fitar da takarda ne, na ƙasa da shi na ɗaukar hoton takarda ya shiga ciki, jakar da ke tsakiya nan aikin ranar yake. Waɗansu ma shi ya ƙirƙira mini su. In akwai aikin da yake buga wa dogon rubutu kullum, kamar kwashe aikin yini a adana a wani wuri saboda ɗaukewar wuta, sai ya ɓoye rubutun a bayan hoto ɗaya ya ce, “Wannan mai kama da akwati, danna shi kafin ki rufe shago.” Ta haka na zama mai aikin kwamfuta, ɗalibai suka koma ce mini Mama Firinta.

Ku da kuke cewa sauƙi, kun san wata nawa yatsana ya yi kafin ya iya danna sau biyu a jere ba tare da ɓeran ya motsa ba? Kun san hoton ma ba ya rabuwa da rubutu? Kana cikin aiki sai wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar allo da tambaya, da maɓalli biyu a ƙasa, ɗaya e ɗaya a'a, kuma ba kullum suke zama wuri ɗaya ba. Ku karantawa kuke ku wuce. Ni sai na haddace siffar kowane akwati, tsawon rubutunsa, launin alamar da ke gefensa. Mai shuɗi ba ya cizo. Mai ruwan ɗorawa a yi hankali. Mai ja kuwa hannu nake ɗaukewa. Akwai ranar da wani ɗalibi mai son taimako ya ce allona ya hargitse, ya danna wani abu hotuna suka jeru reras bisa tsarin baƙaƙe. Shi a ganinsa gyara ya yi. Ni kuwa kamar an shiga ɗakin girkina an sauya wa gishiri da sukari mazubi. Yini guda ban iya fitar da ko shafi ɗaya ba sai da Malam ya mayar mini da kowanne gurbinsa.

Da aka shiga zamanin filash, ɗan abin nan kamar yatsa da ɗalibai ke zuba aikinsu a ciki, sai wata cuta ta zo da shi. Yaro zai cusa filash ɗinsa a kwamfutar wani wuri ya kwaso ta, ya zo wurinmu a buɗe, a ga wayam. Aikin shekara guda babu. Ba gogewa cutar take yi ba, ɓoyewa take, amma ta ɓoye shi inda hoto ba ya nunawa, kibiya ba ta kai wa. Duk abin da na iya a nan yake ƙarewa.

Ina tuna wata 'yar ajin ƙarshe mai karatun lauya, ta zo da safe da gyalenta a hannu, jibi za ta miƙa furojet. Na buɗe filash, fari fat. Ta zube a ƙasan shagon nan tana cewa ta shiga uku, ubanta gona ya jinginar. Na leƙa zaure inda Malam yake shan iska, don lokacin ya fara rage zama a shago, na ce, “Malam, zo.”

Ba ya sauri. Sai ya gyara hula, ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya goge shi da bakin riga. Na tashi na ba shi kujera. Ya danna maɓallai biyu tare, ya buga wasu 'yan baƙaƙe, sai ga tsohon baƙin allon nan ya buɗe a tsakiyar hotunana, da ɗan farin tsinkensa yana ƙiftawa. Ashe bai taɓa tafiya ko'ina ba, yana nan a ƙarƙashi. Malam ya buga layi ɗaya, ya jingina. Ya ce wa yarinyar, “Tashi ki duba, lauya ba ta kuka a ƙasa.” Jakunkunanta duk sun dawo. Ta rasa wanda za ta rungume, ta rungume ni.

Haka muka yi shekaru. In cutar ta zo, “Malam, zo.” Kuma ku gane, layin rubutun nan ɗaya shi ke riƙe da shagon. Wanda ya dawo wa ɗalibi da furojet, shi zai fitar masa da shi kwafi-kwafi, shi zai ɗinke. Lokacin furojet kuwa shi ne kakarmu, abin da aka samu a nan shi ake ci har shekara ta zagayo.

Nkechi ta yi aure, ta buɗe nata shagon a tsallaken titi, muna kallon juna. Malam ne ya sa mata albarka, har ya ba ta tsohuwar firintarmu. Na yi magana a cikin gida, ya ce ɗalibai sun ishi kowa. Gaskiyarsa, muddin yana raye sun ishe mu.

Ciwonsa bai daɗe ba. Tsaya, Fadila.

To. Rubuta. Allah ya karɓi abinsa da damina. Na fita takaba na tarar malaman jami'a suna yajin aiki, Kongo shiru kamar an share, masu acaɓa suna barci a kan baburansu. Na buɗe shago ina kaɗe ƙura kawai. A lokacin ne baffanki Nura ya fara zancen wani mai cajin waya da ke son shagon haya. Ya ce, “Inna, kin tsufa, ki huta. Aikin nan na Baba ne, Baba kuma ya tafi.” Na ce aikin na mu biyu ne. Ya ce to a bari a ga lokacin furojet, in shagon bai riƙe kansa ba zai fitar da kayan. Kujerar nan da nake kai tana cikin kayan.

Da aka janye yajin aiki ɗalibai suka dawo a guje, kowa na son gamawa, kowa na cusa filash inda ya samu. Cutar ta bazu kamar ƙyanda. Sai yaro ya shigo da sallama, “Mama Firinta, ya haƙuri?”, in buɗe filash in ga wayam. In buɗe baki in kira Malam, in tuna ba ya nan. Yaron ya ɗan tsaya don kunya, sannan ya ce bari ya je ya dawo. Ina kallonsa zai tsallaka titi. Ba ya dawowa. Daga bencina ina hango layi a ƙofar Nkechi, har da masu zama a kan dakali, janaretanta yana ruri. Ina hango ƙeyarta a gaban allo, ta jingina bayan ta buga, yadda Malam yake jinginawa. Har jinginar ta gada. Ni da na wanke masa riga shekara da shekaru aka bar ni da hoton akwati da kwandon shara.

Tana aiko mini da gaisuwa, ina amsawa a taƙaice. Ta aiko da ɗinki, wai aiki ya yi wa mai ɗinkinta yawa, na mayar na ce hannuna yana ciwo. Ba ya ciwo.

Wata ranar wani dogon yaro mai karatun akanta ya zo da cutar. Na ce a raina, yau kam ba za ka tsallaka ba. Na ga hannun Malam yana wannan aiki sau ba adadi, na san maɓallai biyun da yake haɗawa, na san inda yatsunsa ke sauka bayan nan. Na yi bismillah na danna. Baƙin allo ya buɗe mini. Ni, Asabe. Ɗan tsinken yana ƙiftawa yana jirana. Na bi abin da hannuna ya tuna, nan, da nan, da can, na buga babban maɓallin gefe kamar yadda yake yi.

Kwamfutar ta amsa mini da layi biyu na farin rubutu. Na zauna ina kallonsu. Shekarun nan duka ina son ta yi mini magana, yau ta yi, ban san me ta ce ba. Na juya na ce wa yaron, “Ɗana, karanta mini.”

Ya sunkuya ya duba, ya sosa ƙeya. “Mama, cewa ta yi ba ta gane abin da kika faɗa ba.”

Na ce, “Kai ka iya?”

Ya ce, “Wallahi Mama ni ma hoton kawai na sani.”

Na zare filash ɗin na miƙa masa, na ce ya je tsallake. Da yamma Nura ya shigo da mai cajin waya, suna auna bango da igiya, suna shawarar inda za a kafa soket. A gabana.

Washegari da hantsi na yafa mayafi na tsallaka titin nan da ƙafata. Tun da ta buɗe shagon ban taɓa shiga ba. Ɗalibai suka buɗa mini hanya. Nkechi ta ɗago ta gan ni, ta miƙe har kujera ta faɗi.

“Mama! Lafiya? Da kin aiko ai na zo.”

Na ce, “Na zo ki koya mini abin da ya koya miki. Layin nan ɗaya. Ko shekara zan yi ina haddace wurin yatsu, zan yi.”

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ce wa ɗaliban su jira, wani ya fara ƙorafi, ta ce, “Kai, in kana sauri je ka buga da hancinka.” Ta riƙo hannuna muka tsallako.

Ta zauna a kujerar nan, ni ina tsaye a kanta. Ta ce, “Mama, ba sai kin haddace ba. Zan sa miki shi a bayan hoto, kamar na akwatin nan.” Ta buga, ta danna, ta ja. Ban gama gyara mayafina ba ta ce an gama. Ta nuna mini hotuna da yawa ta ce in zaɓa, na zaɓi mai kama da tabarau. Ta ce sharaɗi ɗaya ne, filash ɗaya a lokaci guda, kada in cusa biyu. Muka gwada da filash ɗin wata ɗaliba da ta biyo mu. Na danna tabarau. Baƙin allo ya yi walƙiya ya ɓace, jakunkuna suka dawo.

Ya kamata in yi murna, ko? Amma ban yi ba. Na ce, “Nkechi, dama abin nan bai fi shan ruwa ba?”

Ta kau da kai, na sake tambaya.

“Dama ana iya sa shi a hoto tun yana raye?”

Ta sunkuyar da kai tana wasa da wutsiyar ɓera. Ta ce, “Mama, na taɓa ce masa mu yi miki. Tun kafin in yi aure.”

“Ya ce me?”

“Ya ce, ‘Bar mini wannan ɗaya. Duk sauran na ba ta. In na ba ta wannan, me za ta kira ni in yi?’”

Na nemi benci na zauna. Tafiretar nan na tuna, da man da yake ɗiga mata ranar Juma'ar nan. Na tuna yadda yake jan lokaci wurin goge tabarau, ɗalibi na kuka, ni ina tsaye, kowa shi yake jira. Ashe duk shekarun da nake baya ina jin haushin allonsa, shi ma yana zaure yana jin haushin hotunana. Mutum biyu a shago ɗaya, ba wanda ya buɗe baki.

Na yi kuka a gabanta, kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Da na samu numfashi kuma abin da ya fito daga bakina shi ne, “Wannan ɗin ma ke ya gaya wa.”

Ta ce, “Mama, ai ke ba zai iya gaya miki ba. Kunyarki yake ji.”

Na ce, “Rufe mini baki, 'yar nema. Kin cinye tuwona kin kwashe mini ɗalibai.”

Ta yi dariya tana hawaye. “Tuwon ne ya yi daɗi, Mama. Ɗinkin da kika mayar mini fa, hannun ya warke?”

Na ce ta aiko da shi.

Ta tashi za ta tafi na riƙe ta. Na tambaye ta ko abin da ta sa a bayan hoton shi ne ainihin abin da yake bugawa. Ta ce ko baƙi ɗaya ba ta sauya ba, yadda ya koya mata ne. Na ce to me ya sa yake wucewa kamar walƙiya? Ta ce ai aikin ba ya ɗaukar lokaci. Na ce, “Ki sa ya tsaya.” Ta dube ni, ba ta tambayi dalili ba. Ta ƙara kalma ɗaya a ƙarshe, ta ce yanzu ba zai rufe ba sai na taɓa maɓalli da hannuna.

Shekarar nan shagon ya riƙe kansa, da ƙyar, amma ya riƙe. Nura ya mayar wa mai cajin waya da igiyarsa. Layin ƙofar Nkechi har yau ya fi nawa tsawo, kuma kada ki rubuta cewa na daina jin zafi, don ban daina ba. Ita in ta dubi allon nan muryar Malam take karantawa. Ni fararen tsutsotsi nake gani a kan baƙi.

Amma in ɗalibi ya kawo filash mai cuta, ina cusa shi, in ɗora kibiya a kan tabarau, in danna sau biyu. Baƙin allo ya buɗe da layinsa a sama, ɗan tsinken yana ƙiftawa a ƙasa. Sai in ɗauke hannuna in ɗora a cinya. Yaran nan ba su da haƙuri, sai ka ji sun ce, “Mama Firinta, ai ya gama, danna mana.”

In ce, “Na sani. Bari ya ɗan zauna tukuna, yanzu ya shigo.”